Yadda Kawu Ya Riƙe Wa Baba Kwastoma

Wannan maganar a gidanmu an ce kar a ƙara tada ta. To ni ma ba tada ta zan yi ba, faɗa muku kawai zan yi. Amma don Allah in kun haɗu da Kawuna a hanya kar ku kalli kansa, ku gaishe shi ku wuce.

Babana mai aski ne. Shagonsa a jikin gidanmu yake, babbar ƙofa tana kallon titi, ƙaramar ta baya tana buɗewa cikin gida. Kujera ɗaya ce mai juyawa, da madubi mai tsagewa a gefe, da dogon benci a waje inda tsofaffin unguwa suke wuni. Ni ce mai wanke tawul da share gashi da kai ruwan zafi, tun da na bar makaranta aikina ke nan. Da shagon nan muke ci, ba mu da wani abu bayansa.

Sai aka yi wa Baba aikin ido. Likita ya naɗe masa fuska, ya ce ya kwanta a ɗaki, kar ya sunkuya, kar ya yi fushi, in ba haka ba aikin ya lalace. Umma ta ja ni bayan ƙofa ta kama min kunne ta ce, "Ko shagon ne ya kama da wuta, in ya tambaye ki, ki ce lafiya lau." Ni kuwa dama ga tsoro, ko cokali ne ya faɗi sai gabana ya faɗi tare da shi.

Abu ɗaya ne ya hana Baba barci. A tsallaken titi akwai wani mai askin, ana ce masa Mai Madubi Uku. Baba ya ce in shago ya daɗe a rufe mutane za su tsallaka, kuma in gadon bayan mutum ya saba da kujerar wani, shi ke nan an rasa shi.

Ana cikin haka sai ga Kawu, autan su Umma. Kawu ya taɓa kiwon kaji, kajin suka mutu. Ya taɓa sayar da turare, ya ƙarar da shi a jikinsa. Abin da bai taɓa lalacewa a hannunsa ba sumarsa ce, wata tuli guda kamar kwando, kullum da mataji a tsaye a ciki. Ya shigo ɗakin Baba ya zauna ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

"Maigida, kwantar da hankalinka. Ba ni makullin nan. Ranar da aka buɗe maka ido, wallahi ba za ka gane shagonka ba."

Baba ya ce, "Abin da nake tsoro ke nan, Auta. Ka ma iya aski?"

"Haba Maigida! Shekara nawa ina kallonka? Aski ai rage gashi ake yi, ba ƙara shi ba."

Umma ta sa baki ta ce a bar yaro ya taimaka, ai gara a ga shago a buɗe. Baba ya laluba ƙarƙashin filo ya miƙo makullin.

"Abin ba yawa. Ka buɗe da wuri, ka gaida mutane, tawul ya zama mai tsabta. Ka gama kai ɗaya kafin ka taɓa wani. Ka riƙa duba mai a janareta, don wuta ba ta sallama in za ta tafi. Bencin tsofaffi kuma ka bar shi inda yake."

Kawu yana ta "to, to, to," yana ƙifta min ido, tunda ya san Baba ba ya gani.

Muna shiga shago ya ce, "Daga yau babu Auta, babu Kawu. Manaja. Ke kuma Sakatariya." Ya ciro waya ya nuna min wani mutum mai kwat da fararen haƙora, yana ta magana yana nuna mu da yatsa. Ya ce wannan mutumin shi ne ya san yadda ake mayar da ƙaramar sana'a kamfani, kuma duk maganarsa ya haddace ta.

Da benci ya fara. Ya fita ya tsaya a kan wani tsoho da ake ce wa Mai Rediyo, wanda tun kafin a haife ni yake zama a wurin da rediyonsa a kunne.

"Baba, aski za a yi?"

Mai Rediyo ya cire hula, sanƙonsa ya yi ƙyalli. "Ka ga abin askewa a nan?"

"To benci na kwastoma ne."

"Yaro, ni da bencin nan mun girme ka."

"Shi ya sa ku duka za ku huta."

Ya sa na kama masa muka ja bencin cikin gida, ni ina ja ina ba tsofaffi haƙuri da ido. Suka kaɗe riguna suka tsallaka titi. Mai Madubi Uku ya fito da gudu ya shimfiɗa musu wurin zama. Kafin azahar duk wanda ya wuce sai ya ga can cike da mutane ana hira, namu kuwa Kawu ne kawai yana taje suma a madubi.

Daga nan ya jawo tsohon akwatin ƙarfen Baba, wanda aska da almakashi da injin askin hannu suke ciki, irin wanda ake matsawa ba ruwansa da wuta.

"Sakatariya, jefar da wannan tarkacen. Kamfani ba ya aiki da kayan kakanni."

Na ce to. Na ɗauka na tura ƙarƙashin gadona, na rufe da tsohon zane. Ko Umma ban faɗa wa ba.

Sai allon talla. Ya sa aka zana wani ƙato, da fuskarsa da sumarsa a jiki, har matajin an zana. Ya rataye shi a bakin ƙofa, amma ya yi ƙasa da yawa. Wanda ya fara zuwa wani direba ne, Dogo, tsohon kwastoman Baba. Sai muka ji gwaram!

"Kai! Wa ya rataye ƙyauren gareji a nan?"

Kawu ya ce, "Ya ja hankalinka ko bai ja ba? To aikinsa ke nan."

Dogo ya riƙe goshi ya ce sai kumburin ya saɓe zai dawo.

Wanda Kawu ya fara yi wa aski wani baƙo ne da bai san komai ba. Ya ce a ɗan rage masa. Kawu ya rage dama, ya ja baya ya duba, ya ga hagu ya fi tsawo, ya rage hagu. Ya sake dubawa, ya ga yanzu dama ce ta fi. Haka suka yi ta yi har mutumin ya yi barci. Da ya farka ya ga kansa tal kamar ƙwai.

"Ba kaɗan na ce ka rage ba?"

"Ai kaɗan-kaɗan na yi ta ragewa."

Duk lokacin da na kai wa Baba shayi sai ya juyo da naɗaɗɗiyar fuskarsa wajena. Uwata yake ce min, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

"Uwata, yaya shago?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ban ji rediyon Mai Rediyo ba."

"Batirinsa ne ya ƙare."

Ba na son yi masa ƙarya, amma sai in tuna kunnena da hannun Umma.

Wata safiya na shiga da tawul, sai na ga lungun da janareta yake ba komai, sai tabon baƙin mai a ƙasa. A wurinsa ga wata ƙatuwar lasifika ta kusa kai min kafaɗa.

"Kawu, ina janareta?"

"Manaja."

"Manaja, ina janareta?"

Ya rage murya yana dariya. "Na yi wa na tsallake wayo. Na ba shi tsohon injin nan mai tari, ya ba ni wannan. Bai ma yi gardama ba, sakarai. Mutumin waya ya ce sana'ar da ba a jin ta, ta mutu."

"In aka ɗauke wuta fa?"

"Matsalarki ƙaramin tunani. Mai nasara ba ya tunanin duhu."

Ya kunna ta. Madubi ya hau rawa, kajin maƙwabta suka watse. Na ruga ɗakin Baba, na tarar ya tashi zaune.

"Uwata, me ake yi a waje?"

"Mai tallar magani ne a mota, Baba."

Da la'asar ya sake kirana. "Motar maganin ba ta wuce ba har yanzu?"

"Taya ce ta yi musu faci."

A ranar da yamma wuta ta ɗan ɗauke. Kawu ya baza hannu ya ce, "Kin gani? An ɗauke, me muka rasa?" Na ce ai ba kowa a shagon. Ya ce, "To!" Can sai muka ji an tada janareta a tsallake, tuf, tuf, khhh, tuf-tuf-tuf. Na san Baba zai ji. Ai kuwa.

"Uwata, wannan tarin injina ne. Me ya sa nake jin sa da nisa?"

"Ina jin maganin ne ya toshe maka kunne, Baba."

Ya ce, "Ikon Allah. A gyara ido, kunne ya tafi."

Na fita na shiga banɗaki na yi kukana kaɗan.

Da aka sa ranar buɗe wa Baba ido, Kawu ya ce dole Maigida ya dawo ya tarar da shago maƙil. Mutumin waya ya ce a fara ba mutane kyauta su ɗanɗana. Ya kama makirfo ya wuni yana ihu: gobe aski kyauta, babba da yaro, a sabon kamfani! Sa'ar da na yi Baba ya sha maganin da ke sa shi barci, da ban san ƙaryar da zan yi ba.

Da sassafe Umma ta fita da Baba ta ƙofar lungu suka tafi asibiti. Kafin in gama shara mutane sun cika shago, don kyauta ba wanda ba ya so. Ga Mahauci, ƙato mai wuya kamar turmi. Ga Hedimasta da jarida a hammata, ya ce a yi masa da wuri, yana da taron iyaye da la'asar. Ga Dogo, wannan karon ya sunkuya. Ga samari, ga magidanta, wasu a tsaye wasu a tsugune.

Kawu ya ga jama'a, kansa ya ƙara kumbura. Ya ce, "Akwai ƙarin kyauta daga kamfani: wankin hula! Sakatariya, karɓi huluna." Na bi na karɓa, na zuba a bahon da na jiƙa tawul, na ƙara omo. Na ga wata jar hula ta fara zuba a kan farar hular Hedimasta, na danna su ƙasa.

Kawu ya ɗora wani saurayi a kujera ya fara aikin nasa na rage dama a rage hagu. Rana ta yi sama yana kan kai ɗaya. Mutane suka fara tsaki. Wasu biyu da suka zo ba hula suka sulale, Kawu yana kallon su ta madubi har suka shige wurin Mai Madubi Uku. Wani ma ya miƙe yana miƙa.

Sai na ga idon Kawu ya yi wani haske. Duk lokacin da na ga wannan hasken na san ba lafiya. Ya raɗa min, "Mutumin waya ya ce a riƙe kwastoma, amma bai faɗi ta ina za a riƙe ba. Ni na gano."

Ya jona doguwar waya a injin askin, ya juyo. "Jama'a, sabon tsari! Mahauci, bismillah."

Mahauci ya ɗauka an tsallakar da shi layi ne, ya washe baki ya miƙo kai. Kawu ya ɗora inji a goshinsa, zuuuu, har ƙeya. Hanya ta fito fes a tsakiyar kai, gashi a dama, gashi a hagu.

"Na gaba!"

Mahauci ya shafa kai. "Na gaba kamar yaya? Ka gama ne?"

"Na yi maka rajista. Yanzu layinka ya tabbata, ba mai ƙwace maka. Zauna ka jira."

Shago ya fashe da dariya, Dogo har da buga cinya. Wasu suka fara matsawa wajen ƙofa. Mahauci ya duba madubi, ya duba masu dariya, sai ya taka ya je ya tsaya a bakin ƙofa ya cika ta.

"Wallahi ba mai fita. Yadda aka yi min rajista sai an yi wa kowa."

Kawu ya ce, "Kun ga kwastoma mai kishin kamfani."

Hedimasta ya ɗaga jarida. "Saurara, saurayi. Ni ina da taro, iyaye za su..."

"Ranka ya daɗe, ai shi ya sa kai na manya zan yi maka." Zuuu, zuuu. Biyu ya yi masa, ya bar siririn gashi a tsakiya kamar titi mai hannu biyu.

Dogo yana cikin dariyar Hedimasta bai san Kawu ya hau kujera a bayansa ba. Zuuu. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, wanda aka yi wa ya taya riƙe wanda ba a yi wa ba. Ni ina bayan ƙofa ina leƙe, ina karanta duk addu'ar da na iya.

Da ya gama da na ƙarshe ya ɗaga injin sama kamar ya ci kofi. "Yanzu kowa ya zauna cikin natsuwa, kamfani zai bi ku ɗaya bayan..."

Injin ya yi ɗif. Fanka ta juya, ta juya, ta tsaya. Lasifika ta haɗiye waƙarta a tsakiya.

Ba wanda ya yi motsi. Can daga tsallake sai muka ji tuf, tuf, khhh, tuf-tuf-tuf.

Dogo ya ce, "To, tada naka mana."

Kawu ya danna makunni, ya girgiza injin, ya hura masa iska. "Yanzu za a kawo. Wuta ta san yau ranar kamfani ce."

"Janareta nake nufi!"

"Wane janareta?"

Mahauci ya hango ni. "Ke 'yar mai aski, ina injin babanki?"

Na leƙo daga bayan ƙofa. Na dai ɗaga yatsa na nuna tsallake. Suka leƙa gaba ɗaya. Ga Mai Madubi Uku a bakin ƙofarsa yana ɗaga injin askinsa yana kaɗawa. "Jama'a, akwai wuri! Akwai wuta!"

Hedimasta ya ce, "Ba ni hulata, can zan tafi."

Na kawo bahon. Ya sa yatsa biyu ya ɗago wata aba mai kumfa, rabi fari rabi ja, tana ɗiga. Ya mayar a hankali. Wani ya ce a ba shi tawul, na ce su ma suna ciki.

Dogo ya ce, "Ni ba ruwana, wa zai ga saman kaina a garin nan?" Ya ture Mahauci ya fita da sauri. Ya manta da allo. Gwaram! Ya duƙe riƙe da goshi, daidai lokacin da yara suka taso daga makaranta.

"Titi! Titi a kan Dogo!"

Wani yaro ya kama sitiyarin iska yana "pim-pim!" Dogo ya faɗo cikin shago da baya. Yara suka yanyame taga. Wata yarinya ta leƙo ta ƙwala ihu, "Har da Hedimasta! Nasa biyu ne!" Hedimasta ya kifa jarida a ka ya juya wa taga baya. Masu shaguna suka bar shagunansu, mata suka leƙo ta katanga, masu babur suka faka. Matar Mahauci ta kutso ta leƙa, ta ga mijinta, ta toshe baki da mayafi ta juya kafaɗunta suna rawa.

Kawu ya fara gumi. Ya matso ya raɗa min, "Sakatariya, akwatin nan fa?"

Na kalli hannunsa, na tuna akwai aska a ciki, na kalli kunnuwan mutane. Na ce, "Ai ka ce in jefar."

"Ke ba ki san wasa ba?"

Mahauci ya ce, "Bari in aika a ɗauko min wuƙata, mu ma mu yi wa Manaja rajista."

"Alhaji, a yi haƙuri, kowane kamfani yana samun ɗan tsaiko..."

"Tsaikon a kanmu ka yi shi!"

Hedimasta ya yi magana daga ƙarƙashin jarida. "Shekara da shekaru a nan nake aski. Amma in na fita yau, ko gashina ya kai gwiwa ba zan sake tako wurin nan ba." Sauran suka ce su ma haka. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da Baba yake tsoro ke nan, ga shi a gabana da hanya a ka.

Sai ga tasi ta tsaya. Umma ta so a bi ta lungu, Baba ya ce shagonsa zai fara gani da sabon ido. Ya fito da baƙin tabarau, jama'a suka dare. Ya tsaya ya kalli allo da fuskar Kawu. Ya sunkuyar da kai ya shiga, ya zare tabarau.

Ya kalli Mahauci. Ya kalli Dogo. Ya kalli samarin da suka jeru a bango. Ya lumshe ido ya buɗe. Sai ya laluba ya kama hannun Umma.

"Tsayar da motar nan, mu koma asibiti. Likita ya ɓata min ido. Duk wanda na kalla sai in ga farin layi ya raba masa kai." Hedimasta ya sauke jarida zai yi magana. Baba ya ce, "Innalillahi, ga shi har ya fara zama biyu-biyu." Ya juya ya ga Kawu. "Auta ne kawai nake gani daidai."

Mahauci ya kamo hannun Baba ya ɗora a kansa. "Idonka lafiya lau, mai aski. Shafa ka ji."

Baba ya shafa, daga goshi har ƙeya. Ya sake shafawa. Ni na gama sallamawa, na ce yanzu zai yi fushi idon ya fashe, kuma ni ce na ɓoye masa komai. Sai na ga leɓensa yana rawa. Sai ya zauna a kujera mai juyawa ya kece da dariya har da riƙe ciki.

Umma ta ce, "Malam, likita fa ya ce..."

"Fushi ya hana, bai hana dariya ba."

Kawu ya ga an yi dariya, sai ƙarfinsa ya dawo, ya gyara wuyan riga. "Maigida, ka ce kar kwastoma ya tsallaka. Duba da idonka. Tun safe ko ɗaya bai iya fita ba."

Baba ya share hawaye. Ya karkata kai yana sauraren tuf-tuf ɗin tsallake, ya kalli lasifika, sannan ya kalle ni. "Uwata, ashe kunnena ma lafiya." Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Ina akwatina na ƙarfe?"

Kawu ya fara, "Ai wannan, a tsarin zamani..." Ni ban tsaya ji ba. Na ruga na jawo shi daga ƙarƙashin gado, na kawo na ajiye a gaban Baba da zanen a kai. Kawu ya buɗe baki yana kallona.

Baba ya miƙe ya dubi mutane. "Jama'a, ku yi haƙuri. Laifina ne, ni na ba da makulli. Wanda ya ga zai tsallaka ba zan riƙe shi ba. Wanda ya tsaya, ba zai bar nan ba sai kansa ya yi kyau. A fito da benci waje, ciki ya yi duhu."

Aka fito da benci, aka fito da kujera. Baba ya ɗiga wa injin hannu mai, ya matsa shi, ƙacau-ƙacau. Sannan ya ce, "Amma ido sabo ne. Ba zan gwada shi a kan kwastoma ba, sai dai a kan ɗan gida."

Kawu ya dafe suma da hannu biyu. "Maigida! Yaya, ki yi magana mana!"

Umma ta ce, "Ni shayi zan ɗora," ta shige gida.

Mahauci ya kama hannu ɗaya, Dogo ya kama ɗaya, suka zaunar da shi kamar amanar da aka ba su. Baba ya zare matajin ya miƙo min. Ƙacau, ƙacau, ƙacau, tun daga goshi. Sumar tana zubowa tuli-tuli, hanya tana buɗewa mai zurfi kamar an yi titi a cikin daji. Yara suna tafi. Mai Rediyo ya tsallako da rediyonsa da sauran tsofaffi, ya zauna a bencinsa kamar jiya ya tashi.

Baba ya ce, "Mai Rediyo, duba min. Ta miƙe?"

Ya leƙa ya ce, "Kamar da zare aka ja."

"To ido ya yi. Auta, na yi maka rajista, kai ne na ƙarshe. Kafin layi ya zo kanka, ɗauki wannan abar ihun ka mayar, ka dawo min da injina. Ranka ya daɗe Hedimasta, bismillah, kai ke da taro."

Kawu ya rungumo lasifika, ya yi wuf zai ɗora a ka.

Baba ya ce, "A kafaɗa."

Haka ya tsallaka titi, yara a bayansa suna "pim-pim," masu babur suna taya su da hon na gaske. Mai Madubi Uku ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ya ce janaretan dama tarinsa ya ishe shi, a ɗauka, kuma in Kawu yana so ya zauna a ƙarasa masa kan. Kawu ya ɗaga hanci ya ce, "Ina da layi a kamfaninmu."

Baba kuwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ba ya taɓa wani sai ya gama da na gabansa, ya nuna masa madubi, ya kaɗe masa wuya. Dole kowa tal-kwabo aka yi masa, ba yadda za a yi. Hedimasta ya juya kai dama da hagu a madubi ya ce rabon da ya ji iska haka tun yana ɗalibi, ya ce sai wani watan, ya tafi taronsa. Mahauci ya aiko mana da nama. Cikin 'yan kallo ma wasu suka ce tunda sun tsaya bari a rage musu. Ni ina ta shara ina shanya huluna, hular Hedimasta na ɓoye ta a bayan sauran.

Kawu yana gefen benci a rakuɓe, amma bakinsa bai mutu ba. Ya ce min, "Sakatariya, kin taɓa ganin shagon nan ya cika haka? Wa ya kawo su?"

Rana ta kusa faɗuwa layi ya zo kansa. Ya yi tsalle ya hau kujera ya miƙo kai. Baba ya goge injin, ya sa a akwati, ya rufe, ya mayar da tabarau.

"Likita ya ce kar in wahalar da idon. Gobe, Auta. Layinka ya tabbata, ba mai ƙwace maka."

Gashin kansa ya fito tuntuni, amma har yau in Kawu ya shigo layinmu sai ka ji wani yaro daga bayan katanga ya ce "pim-pim." Shi kuma sai ya ɗaga hannu, wai tallarsa ce har yanzu take aiki.

Ni dai ban faɗa muku komai ba.